Zuwa Taktsang a Ƙafa Cikin Yini Ɗaya: Mai Shekara 56 da Ciwon Gwiwa Zai Iya?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni da mai ɗakina za mu je ƙasar Butan a watan Nuwamba, za mu yi kwana biyar. A cikin tsarin tafiyar akwai hawa zuwa gidan sufayen nan na Taktsang da ke manne a jikin dutse, a je a ƙafa a dawo a yini guda. Shekarata 56, ina shan maganin hawan jini, kuma gwiwata ta dama tana ɗan damuna idan ina saukowa daga bene. Ban taɓa hawa dutse mai tsawo ba. Wani ya ce mini kilomita uku ne da 'yan kai kawai, wani kuma ya ce shi sai da ya yi awa bakwai kafin ya dawo. Wanne ne gaskiya? Zan iya? Sannan mu ba mabiya addinin Buda ba ne, ina gudun kada mu yi abin da zai ɓata wa masu wurin rai, ko a sa mu yin abin da bai dace da addininmu ba."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, kai da uwargida.

Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ainihin wahalar hanyar, ko jikinka zai ɗauka da hawan jinin da gwiwar, da kuma yadda baƙo zai riƙe kansa a wurin ibadar da ba tasa ba. Bari in fara kwantar maka da hankali. Na raka waɗanda suka girme ka a hanyoyin dutse irin wannan, sun kai, sun dawo da ƙafarsu. Ina kyautata zaton kai ma za ka iya. Amma abin da na gani a aikin rakiya shi ne, ba ƙarfin jiki ke raba wanda ya dawo da murmushi da wanda aka riƙo a kafaɗa ba. Lissafin lokaci ne, da tanadin da mutum ya yi wa saukowa. Kusan kowa hawa yake yi wa shiri, alhali a gangara ake jin jiki, musamman mai irin gwiwarka.

Su kuma mutanen biyu da suka ba ka labari, duk gaskiya suka faɗa. Ɗaya nisa ya auna, ɗaya yini ya auna.

Wurin, da dalilin da ya sa yake can

Taktsang yana gefen kwarin Paro a yammacin Butan, ƙasar da ke tsakanin Indiya da Sin, a tsawon mita 3,120 daga matakin teku, kimanin mita 900 sama da gindin kwarin. Mabiya Buda na yankin sun yi imani cewa a ƙarni na 8 babban malaminsu Padmasambhava, wanda suke kira Guru Rinpoche, ya iso wurin a bayan damisa, ya yi halwa a wani kogo da ke jikin dutsen. A kewayen wannan kogo ne Tenzin Rabgye, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya gina gidan ibadar a shekarar 1692. Gobara ta cinye babban ɓangarensa a watan Afrilun 1998, aka sake gina shi, aka kammala a 2005.

Na kawo wannan ne don ka gane cewa wahalar hanyar da gangan ce. Masu halwa a addinai daban-daban sun daɗe suna neman inda hayaniya ba ta kai. A Habasha, gidan sufayen Debre Damo na ƙarni na 6 har yau da igiya ake hawansa, wajen mita 15 a jikin dutse, kuma maza kaɗai ke shiga. A Meteora ta ƙasar Girka, da tsani da raga ake jan mutane da kaya zuwa sama, sai a shekarun 1920 aka sassaƙa matakala. Taktsang ya fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba, hanya ce a fili wadda aka gyara, ba ta bukatar igiya ko gwaninta. Sai dai daga inda mota ta ajiye ku babu sauran titi. Wanda ƙafarsa ta gaza a sama, mutane ne za su sauko da shi.

Yadda kilomita uku ke cin yini

Masu hawan dutse suna da wani tsohon ma'auni da wani ɗan Skotland mai suna William Naismith ya kawo a 1892: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Wato a dutse, tsayin da za ka hau ya fi nisan da za ka taka muhimmanci. Wurin ajiye motoci na Taktsang yana wajen mita 2,600, don haka ba duka mita 900 ɗin nan za ka hau da ƙafa ba, mota ta rage maka. Abin da ya saura ya haura mita 500, a cikin tazarar da ba ta kai kilomita huɗu ba. Idan ka buga lissafin Naismith zai ba ka ƙasa da awa biyu. Amma shi lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ya saba, wanda ba ya tsayawa hutu, kuma a ƙasa mai wadatar iska. Yawancin baƙi awa biyu zuwa uku suke yi kafin su kai ƙofa. Kai ka ɗauka uku da rabi. Ka ƙara awa guda a ciki, awa biyu da rabi na saukowa saboda gwiwa, da hutun shan shayi. Ga awa bakwai ɗin abokinka nan ta fito.

Hanyar kashi uku ce, kuma ba halinsu ɗaya ba. Kashin farko, daga mota zuwa gidan shayin da ke tsakiyar hanya, shi ne mafi tsauri ga numfashi: turba ce ta ƙasa mai faɗi da ke nannaɗe dutsen cikin inuwar dogayen itatuwa, hawa ba sassauci, ga ƙura idan rani ne, ga taɓo idan an yi ruwa. Nan ne mutane ke ƙona ƙarfinsu, domin jiki da sauran zumuɗi, ana ganin na gaba ana son a cim masa. Kashi na biyu, daga gidan shayi zuwa wurin hange, hawa ne har yanzu amma ya ɗan lafa.

Kashi na uku shi nake so ka riƙe a ranka tun daga gida. Za ka zagayo wata kwana, sai ga ginin a gabanka, fararen bango da jan zane a sama da rufi mai ruwan zinariya, kusan daidai da idonka, tutocin addu'a masu launi biyar sun ratsa sararin da ke tsakaninku suna kaɗawa. Sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka taɓa. To hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakaninka da shi akwai kwazazzabo, dole ka gangara ta matakalar dutse har inda ruwa ke zubowa daga sama, ka tsallake 'yar gada, sannan ka sake hawa ta ɗaya ɓangaren. Ana ƙiyasta matakalan wajen 700. Akwai ƙarfen riƙewa a gefe, ba wurin faɗuwa ba ne ga mai natsuwa. Abin lura shi ne a dawowa ma sai ka maimaita: ka sauka zuwa gadar, ka hau zuwa wurin hange, kafin a fara gangara ta gaskiya. Na sha ganin mutum ya fito daga irin wannan wuri yana cewa shi ke nan an gama hawa, sai ya tarar da matakala a gabansa, gwiwarsa ta yi sanyi tun bai taka ba. Wanda ya san da zuwanta ba ta karya masa zuciya.

Numfashi, hawan jini da jinin kansa

A tsawon mita 3,000, kason oksijin da ke cikin iska bai canja ba, kashi 21 cikin ɗari ne kamar ko'ina. Abin da ya ragu shi ne matsin iskar, ya koma wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda ke bakin teku. Kowane numfashi da ka ja yana kawo maka ƙasa da abin da ka saba samu, sai zuciya da huhu su ƙara sauri don su cike giɓin. Saboda haka haki da bugun zuciya a lokacin hawa ba ciwo ba ne, kowa na yi, har matasa. Alamar da ke nuna lafiya lau ita ce idan ka tsaya minti biyu ko uku numfashin ya dawo daidai.

Ciwon tsauni wani abu ne daban. Yakan fara ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama, kuma ba nan take yake bayyana ba, yawanci sai bayan awa 6 zuwa 12 da isa tsawon. Alamominsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin son abinci. Abin da ya fi jawo shi shi ne tsawon da mutum ya kwana a kai, ba wanda ya taɓa da rana ya sauko ba. Nan ka yi sa'a, domin a Paro za ku kwana, wajen mita 2,200, kuma 'yan awoyi kaɗan za ku yi a sama. Haɗarin ƙarami ne, amma ba a ce babu ba. Idan ciwon kai ya zo da amai, ko mutum ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, babu shawara sai saukowa nan take, kuma ba shi kaɗai ba.

Babban abin da za ka yi wa kanka a nan ba ya cin ko sisi: ka sa a mayar da Taktsang ranar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe a cikin kwana biyar ɗin. Yawancin masu shirya tafiya haka suke yi da ma, amma ka duba takardar da idonka. Kwana uku a Paro da Timfu, babban birnin ƙasar, wanda shi ma yana wajen mita 2,300, za su ba jikinka damar sabawa. Idan tsarin ya bi da ku ta mashigar Dochula, wadda ta kai kimanin mita 3,100, ka fito daga mota ka ɗan taka na minti ashirin, ka saurari jikinka. Tsawonta kusan ɗaya da na Taktsang, gwaji ne na kyauta. Abin da ba na so shi ne ku sauka daga jirgi yau, gobe da asuba ku kama dutse.

Game da hawan jini, tsawo yakan ɗan ɗaga awon jinin wasu mutane, kuma aikin hawa ma yana ɗaga shi. Wanda jininsa ke zaune daidai da magani galibi yana yin irin wannan tafiya ba matsala. Kada ka tsallake maganin ranar, kada kuma ka canja lokacinsa da kanka. Idan cikin magungunanka akwai mai sa yawan fitsari, ka gaya wa likita za ka yi yini kana gumi a busasshiyar iska, ya faɗa maka yadda za ka yi. Ciwon ƙirji, ko nauyi da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ba gajiya ba ce, a tsaya a nemi taimako.

Akwai kuma tambayar da nake yi wa duk wanda zan raka sama, ko bai kawo maganar ba: ka san nau'in jininka na gwajin sikila, wato genotype, kai da uwargida? Mai cutar sikila bai kamata ya hau irin wannan tsawo ba sai da izinin likitan da ke duba shi. Mai ɗauke da ƙwayar kawai, wato AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, amma an san cewa a wurare masu tsawo, tare da aiki mai wahala da ƙarancin ruwa a jiki, jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda bai san da shi ba zai ɗauka ciwon ciki ne ya ci gaba da hawa. Ɗan jagoran da zai raka ku ba lallai ya saba da wannan ba, don haka kai ne za ka sani.

Gwiwar

Ka ce a saukowa daga bene take damunka, kuma hakan ya dace da abin da aka sani. A hawa, tsokar cinya tana ɗaga ka ne. A gangara kuwa birki take yi, tana riƙe nauyinka tana miƙewa a lokaci guda, kuma matsin da ke kan ƙoƙon gwiwa yana ninka nauyin jikinka sau da yawa a kowane taku. Ga shi kuma gangarar tana zuwa ne bayan tsokar ta riga ta gaji. Idan ka lura da masu saukowa da la'asar za ka ga abin da nake nufi: mutum ya tsaya a kan matakala, ƙafar wandonsa tana karkarwa daga cinya zuwa ƙauri ba da sonsa ba, ya kai ƙafa ƙasa sai ta sauka da ƙarfi, dim, domin birkin ya ƙare. Daga nan ne ake gurɗewa, daga nan ake zamewa a kan tsakuwa.

Maganin yana farawa ne tun yanzu. Kana da makonni kafin Nuwamba, ka yi amfani da shida ko takwas daga ciki. Ka nemi bene ko tudu, ka riƙa hawa da sauka sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma kada ka hau da ƙafa ka sauko da na'ura, saukar ita ce darasin. Ka haɗa da zama a kujera da tashi ba tare da dafa hannu ba, a hankali, musamman wajen zaman. Sau ɗaya a mako ka yi doguwar tafiya da takalmin da za ka sa ranar da jakar da za ka goya. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: idan ka iya tafiyar awa uku mai hawa da sauka, washegari ka tashi gwiwar ba ta kumbura ba, ka shirya. Idan ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sakin ka ba zato, wannan ya wuce shawarar ɗan rakiya, a kai ta asibiti kafin a sayi takalmi.

Ranar tafiyar kuma, sanda. Ana samun sandunan katako na haya a gindin hanyar, kuma ɗaya ta fi babu, amma ga mai ciwon gwiwa na fi son sanduna biyu irin na masu hawan dutse, waɗanda ake ƙara wa tsawo. A gangara ka ƙara musu tsawo kaɗan, ka fara kafa su a ƙasa kafin ƙafa ta bi. A kan matakala ka bi ƙa'idar da masu gashin ƙashi ke koya wa marasa lafiya: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka mai ciwon ce gaba. A wurinka ke nan hagu ta fara hawa, dama ta fara sauka. Inda matakala ta yi zurfi, ka juya gefe ka sauka a karkace. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka sandare ta. Kafin fara gangara ka zauna ka ƙara ɗaure igiyar takalmi sosai don kada yatsu su riƙa dukan gaba, kuma ka yanke farce tun kwana biyu kafin ranar. Sabon takalmi fil kuwa bororo zai sa maka, ka tabbata ka taka shi ya saba da ƙafarka.

Za a yi muku tayin doki a gindin dutsen. Dawakan suna kaiwa ne wajen gidan shayi kawai, kuma ba a saukowa a kansu. Ka ga ke nan doki yana rage wahalar numfashi ne, bai taɓa matsalar gwiwa ba ko kaɗan. Duk da haka ban raina shi ba: idan uwargida ko kai kuka ga hakin kashin farko zai cinye ƙarfin da za ku bukata a matakala, hawa dokin dabara ce mai kyau. Ni dai na fi son mutum ya taka da ƙafarsa a hankali, domin jiki yana gaya masa gaskiyar halin da yake ciki tun da wuri, ba sai ya tsinci kansa a sama da ƙarfin da ba nasa ba. Idan kuna ƙasa dawakai suka zo wucewa, ku matsa ta ɓangaren jikin dutse, kada ku tsaya ta bakin gangare.

Agogo

Ku bar masauki da wuri, ku kama hanya wajen ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi. Da safe akwai sanyi mai daɗin tafiya, hanya ba cunkoso, kuma kuna da rarar lokaci idan wani abu ya faru. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, kuma a cikin itatuwa, a bayan dutse, duhu yana riga ta. Sannan gidan ibada ne mai lokacin buɗewa da rufewa, ka sa ɗan jagora ya tabbatar muku da lokutan tun ana gobe za ku hau.

Kafin ku taka ko taku ɗaya, ku yanke lokacin juyawa, kai da uwargida da ɗan jagora, ku faɗe shi da baki. Shawarata: idan sha biyun rana ta yi ba ku kai wurin hange ba, ba za ku shiga matakala ba, za ku juya. Dalilin yanke shi a ƙasa shi ne a sama hankali ba ya yin adalci. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya keto duniya, ga ginin yana gani, ba mai iya gaya masa ya haƙura. Ita Butan ma ba ƙasar da ake shiga da araha ba ce, tun watan Satumbar 2023 baƙi daga yawancin ƙasashe suna biyan harajin dala 100 a kan kowane dare, ban da masauki da sauran hidima. Wannan kuɗin yana tura mutane su yi abin da jikinsu ya ce a'a. Alƙawarin da aka yi da safe, lokacin da kai ke sanyi, shi ke riƙe mutum.

Tafiyar kuma a yi ta da takun wanda ya fi kowa jinkiri. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa uwargida magana jimla guda cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, ka yi sauri da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Gara taku ƙanana ba tsayawa da a yi gudu a zube. Hutu gajere, minti biyu a tsaye kana jingine da sanda, ya fi dogon zama da ke sa tsoka ta yi sanyi. Idan ɗayanku ya ga iyakarsa gidan shayi, ba abin kunya ba ne, daga can ana ganin ginin sarai a jikin dutse, akwai wurin zama da abin sha mai zafi. Ku yi wannan maganar ma tun a masauki, don kada wani ya ci gaba da jan ƙafa saboda kara.

Kayan da za ku ɗauka ba su da yawa. Ruwa kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowane mutum, ana kurɓa a kai a kai ba sai an ji ƙishi ba, da ɗan abin tauna mai ba da ƙarfi. Sutura riga kan riga, domin zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, za ku fara cikin sanyi, ku yi gumi a hawa, ku sake jin sanyi a inuwar kwazazzabo. Hula da tabarau saboda rana ta fi kaifi a sama, 'yar tocila ko da ba ku yi niyyar kai dare ba, magungunanka a aljihunka ba a jakar wani ba, da takardun kuɗin ƙasar, ngultrum, don kuɗin shiga da hayar sanda da shayi. Ta fuskar yanayi kun zaɓi lokaci mai kyau, damina a can daga Yuni zuwa Satumba take, Oktoba da Nuwamba sarari yakan washe.

A cikin gidan

Hankalinka ya kwanta, ba wanda zai sa ku yin ibadar da ba taku ba. Baƙi daga kowane addini suna zuwa, kuma masu wurin sun saba. A ƙofa za a karɓi jaka da waya da kyamara a ajiye, ba a ɗaukar hoto a ciki. Ana son sutura mai rufe hannu da ƙafa, a cire hula, a cire takalmi a bakin kowane ɗakin ibada. Ku sa safa mai kauri, daɓen yana da sanyi ƙwarai. Ɗakunan ƙanana ne, ana hawa daga wannan zuwa wancan ta ƙananan matakala masu tsayi, ciki da duhu-duhu, ga ƙamshin turare da na fitilun man shanu.

Za ku ga masu ziyara suna faɗuwa ƙasa a gaban gumaka, suna ajiye kuɗi ko man fitila, wani sufi yana zuba musu ruwa a tafin hannu. Ku abin da ya hau kanku shi ne ku tsaya a gefe, ku yi shiru, kada ku gitta tsakanin mai ibada da abin da yake fuskanta. Idan aka miƙo muku ruwan ko wani abu, ku ɗan sa hannu a ƙirji ku yi murmushi, an gane, ba a jin haushi. Ya fi kyau ka gaya wa ɗan jagora tun a hanya cewa kallo kuka zo yi da girmamawa, ba za ku shiga cikin ibada ba, shi zai share muku hanya. Kada a nuna gunki ko zane da yatsa ɗaya, a buɗe tafin hannu. Idan an zauna, kada a miƙe ƙafa ta fuskanci wurin ibadar ko wani sufi. Duk abin da ake zagayawa, gini ne ko tarin duwatsun addu'a a kan hanya, ana barin sa ne a hannun dama. Idan kuma zuciyarku ba ta kwanta da shiga ɗakunan ba, kuna iya tsayawa a farfajiya, ko ma a wurin hange. Idan lokacin taku ibadar ya riske ku, ku yi ta a kan hanya, a gefe inda ba ku tare wa kowa ba, ba a cikin harabarsu ba.

Ina roƙon abu ɗaya a nan, domin yana damuna idan na ga an yi sakaci da shi: mutanen da za ku tarar a matakala, tsofaffi da masu goyo, da yawansu ba yawon buɗe ido suka zo ba, ziyarar ibada suka zo, wasu daga nesa. A ba su hanya, a rage murya.

Inda shawarata ta tsaya

Ni ɗan rakiya ne, ba likita ba, kuma ban ga gwiwarka ba, ban ga awon jininka ba. Abin da na faɗa ya dogara ne da bayaninka cewa jinin yana zaune da magani, ciwon gwiwar kuma ɗan kaɗan ne. Ka je wurin likitanka aƙalla wata guda kafin tafiya, ka gaya masa lambobin kamar yadda suke: kwana a mita 2,200, hawa da ƙafa zuwa 3,120, awa shida zuwa bakwai a kan hanya. Ka tambaye shi ko yana son ya auna zuciyarka, wane maganin ciwo ne ya dace da kai, domin wasu magungunan ciwon gaɓoɓi suna ɗaga hawan jini kuma suna wahalar da ƙoda idan jiki ba ruwa, sannan ko akwai bukatar maganin rigakafin ciwon tsauni irin acetazolamide. A ganina tafiyar yini ɗaya bayan kwana uku na sabawa ba ta cika bukatarsa ba, amma hukuncin nasa ne. Uwargida ma ta je a duba ta, ko da ba ta da ƙorafi. Ku kuma tabbatar inshorar tafiyarku ta haɗa da hawa sama da mita 3,000, domin wasu suna cire shi.

Bayan kun sauko, ciwon cinya zai zo, kuma ya fi tsanani a kwana na biyu, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan jirginku washegari ne, ka nemi kujerar gefen hanya don ka samu miƙe ƙafar dama, ka riƙa tashi kana takawa lokaci-lokaci.